Abin da Motocin Kwatano Suka Goyo

Gyaran wayar mota nake yi a bayan Tashar Dukku.
Motocin Kwatano kan zo mini da fitila a mace,
in buɗe aljihun gaba, in tarar da mantuwar mai ita na farko:
safar hannu wari ɗaya, sulallan da ba sa kashuwa a Gombe,
wani jiƙon kuma faifai.
Shekara tara, faifai arba'in da ɗaya.
Sunayensu sun fi ƙarfin bakina,
sai na raɗa wa kowanne sunan motar da ta goyo shi,
na rubuta masa hukunci a bayan rasit.

Na jar Golf.
Wani ke busa ƙahon tagulla
kamar baƙo mai neman gida a Bolari bayan an ɗauke wuta:
ya shiga lungu, ya fito, ya gaida kare, ya sake shiga.
Makaɗinsa bai nuna masa hanya ba,
shara kawai yake yi a bayansa, shuu, shuu.
Yarona Lamela ya ce jaz ake ce masa.
Hukunci: ya isa gida,
amma sai da shayina ya huce.

Na Sharon mai tsagaggen gilashi.
Mace ce, muryarta man shanu a kan tuwo mai tururi,
tana narkewa tana gangarowa ta gefe.
Adda Yelwa mai kunu ta tsaya cak, ludayi a sama,
ta ce, "Ban ji yarenta ba, amma an ci amanarta,
kuma har yanzu tana ajiye masa abinci."
Kada a sa shi ranar da kasuwa ta ƙi.

Na Fijo.
Samari huɗu, jita uku, ɗaki ɗaya, fushi buhu guda.
Salansa ce ta fashe a hawan Kaltungo.
A waƙa ta shida ƙaramin cikinsu ya sassauta murya,
sai na gane ba faɗa ba ne, kewa ce ta sa takalmin ƙarfe.
Yana taimakawa wajen kwance noti mai tsatsa.

Na baƙar Marsandi.
Minti goma sha ɗaya:
ɗigon ruwa, ƙofa, wani na jan kujera, numfashi.
Sau biyu na kwance rediyon ina neman ciwonsa,
ashe lafiyarsa lau, faifan ne haka.
Na rubuta: wannan ya raina mai saye.
Na cilla shi ƙarƙashin benci, cikin fulogogin da suka mutu.

Da damina aka kwantar da Inna a asibiti.
Kwana shida ina zaune a gefen gado.
Ƙarin ruwa na sauka ɗis,
ɗis,
ƙofa ta yi ƙara, wani ya ja kujera a ɗakin gaba,
ni kuma ina ƙirga numfashinta kamar canjin da bai cika ba.
Bayan sadakar bakwai na durƙusa, na lalubo faifan,
na goge shi da gefen rigata.
Na soke hukuncin farko da biro.
A ƙasa na sa: mai wannan ya zauna inda na zauna,
bai ƙara gishiri ba.

Akwai ɗaya da ba rubutu a jikinsa, ban ma tuna motarsa ba.
Yaro ne ke koyon fiyano, wani dattijo na masa dariya ƙasa-ƙasa.
A minti na uku tabo ya kama shi, ya yi ta tsalle wuri guda,
tin, tin, tin.
Na gwada man goge baki, na gwada fetur da auduga.
Lamela ya ce in yar.
Rasit ɗinsa na nan a jikin ƙusa,
fari fat.